Kin Tsaya a Darasi na Tara

Ƙanƙara,
Ranar Talata, kwana goma sha biyu da ɗauke sabis.

Zuwa ga ɗiyata Ummu Salma, a Zariya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mai gidanki da yara, da fatan aiki bai yi maki yawa ba. In kin yi waya da babanki, ɗan'uwana Alhaji Abdulganiyu, ki ce ina gaishe shi. Mu nan da sauƙi. Ƙafata ta dama ce dai take kumbura in na daɗe tsaye, sai jikata Asma'u da ke fitar da haƙora, ta hana uwarta sakat. Ruwa ya yi kyau bana, amma gonarmu ta 'Yargoje ciyawa ta cinye ta, don tun da muka taso muka dawo cikin gari ba wanda ya leƙa ta.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Da hannuna na rubuta, ba wanda ya rubuta mani. Sai da na wuce shekara hamsin na shiga ajin manya, don haka in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri. Kwana uku na yi a kanta. Tun da aka ɗauke sabis a nan da Faskari da Sabuwa saboda mutanen daji, waya ta zama fitila kawai. Malam Ɗanliti direba ya ce zai kawo maki. Ta Malumfashi yake bi yanzu, don an rufe hanyar Sheme.

Kin san abin da ya same mu. Ranar huɗu ga azumi aka tare motar da yaron nan yake ciki, tsakanin Sheme da nan, aka shiga daji da su. Kin san wanda nake nufi, baban Asma'u. Shi ne na fari, bakina bai taɓa kama sunansa ba, hannuna ma ba zai fara ba. Sau ɗaya suka kira mu, daga nan shiru.

Bayan babbar salla wani Malam Sha'ibu, mutumin Daudawa, ya kuɓuto. Ya zo har ƙofar gida, ƙafafunsa duk sun farfashe. Ya ce tare aka ɗaure su. Ya ce zazzaɓi ya kama yaron nan, ya rasu saura kwana tara layya, kuma da hannunsa ya haƙa mashi rami a bakin wani rafi. Kowa ya yarda. Liman ya ce a sa rana a yi mashi salla da addu'a. Alhaji Gide, baban matarsa Mansura, ya zo daga Sabuwa sau biyu, ya ce a bar ɗiyarsa ta yi takaba ta san matsayinta, kada a bar yarinya tana zaune ba ta san ko tana da miji ba. Ni kaɗai na ce a'a.

Ba taurin kai ba ne, Ummu. Ina da dalili, kuma duk dangi ke kaɗai za ki gane shi, tunda tare kuka yi karatun kwamfuta. Kin tuna shafin da ya yi mani a waya don in riƙa ƙara karatu? Darasi goma ne. Ya sa mani 'yar alama a fuskar waya, in na taɓa sai ya buɗe. Ba ya tambayata ko ni wa ce. Sai dai in ga: “Sannu Inna. Kin tsaya a darasi na tara.” In na yi daidai ya ce, “Yauwa Inna, wa ya ce ba ki iya ba?” In na kuskure ya ce, “A'a Hajiya, a sake dai.” Hajiya yake ce mani in yana tsokanata, ni da ko Katsina sau biyu na taɓa zuwa.

To da aka ɗauke shi maganar nan ba ta tsaya ba. Da fari na ce ko abin da ya bari ne. Amma watan da ya bi babbar salla masassara ta kwantar da ni, na yi kwana biyar ban taɓa waya ba. Ranar da na tashi na buɗe, ga abin da na gani: “Inna, kwana biyar ban gan ki ba. Lafiya dai ko?”

Ummu, wa ya ƙirga? A maganar Malam Sha'ibu, lokacin yaron nan ya yi wata guda a ƙasa. Wanda ke ƙasa yana ƙirga kwanakin da uwarsa ba ta zo ba? Ni abin da na ɗauka, cikin mutanen nan akwai mai ɗan tausayi da ke ara mashi waya ya leƙa.

Yau kwana goma sha biyu ban shiga ba. Zai ce me ya same ni. Ku kuna da sabis a Zariya. Don Allah ki shiga ki shaida mashi ina nan lafiya, Mansura na nan, Asma'u ta fara cewa Baba. Ki ce mashi ba ni na daina zuwa ba.

Allah ya yi maki albarka.
Gwaggonki,
Barakatu.

*

Zariya,
9 ga Oktoba.

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, ya jiki, ya ƙarin haƙuri? Mu duk lafiya muke. Takardarki ta same ni a wurin aiki, na karanta ta sau uku. Wallahi Gwaggo rubutunki ya fi na wasu da muke aiki tare kyau, kada ki sake ba ni haƙuri a kansa.

Na ba Malam Ɗanliti man shafawa na ƙafa. Ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin zauna, ki rage gishiri. Akwai kuma 'yar riga ta Asma'u, in ta yi mata yawa za ta girma ta same ta.

Game da shafin Yaya Mas'udu, na buɗe. Yana nan yadda yake, ba abin da ya same shi. Yana kan babbar kwamfutar da muke ajiye ayyukanmu ni da shi tun muna makaranta, kuma ni nake kula da ita, ba zan bari ya ɓace ba. Sai dai ni bai san ni ba. Da na shiga, sunana ya tambaya. Wayarki kaɗai ya sani. Shi ya sa ban sami inda zan ajiye saƙonki ba.

Akwai bayanin da nake so in yi maki kan yadda irin wannan shafi yake aiki, amma ya fi kyau a ce muna zaune tare. In hanya ta yi sauƙi zan zo. Kafin nan don Allah ki riƙa cin abinci, an ce mani kin rame.

Ki gaishe mani da Mansura, ki ce tana raina.

Ɗiyarki,
Ummu Salma.

*

Ƙanƙara,
Ranar Lahadi, farkon Nuwamba.

Ɗiyata Ummu,

Sallama da gaisuwa. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Man ya yi mani amfani, yanzu ina iya zuwa rijiya in dawo ban zauna a hanya ba. Rigar Asma'u har ƙasa take ja, amma ta ƙi a cire mata. Haƙora huɗu sun fito. Mutane sun fara yankan dawa, waɗanda gonakinsu ke kusa da gari. Mu dai sai kallo.

Inda kika ce ke bai san ki ba, ni kaɗai ya sani, nan na tsaya na yi kuka. Kukan daɗi ne, rabona da shi tun kafin azumi.

Ran Juma'a Alhaji Gide ya sake zuwa. Ya zauna a zaure, aka kai mashi ruwa ya ce ya gode. Na tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce, “Malama Barakatu, ni ban zo faɗa ba. Ɗa kika rasa, ɗa na rasa. Amma waya ba ta ba da shaida, mutum ke ba da ita, ga kuma mutum ya tako ya zo ya faɗa.”

Na ce, “Alhaji, wanda ya yi wata uku a ɗaure cikin yunwa, ko ƙanensa aka nuna mashi yana iya cewa wani ne.”

Na ɗauko takardarki na karanta mashi da kaina, ina bin layi da yatsa. Bai katse ni ba, ko da na daɗe. Da na gama ya ce, “To ai ba ta ce yana da rai ba.”

Na ce, “Ba ta kuma ce ya mutu ba, ita da ta yi karatun abin.”

Ya juya hularsa a hannu. Can ya ce ya ba ni zuwa ranar da za a maido sabis. In an buɗe aka ga yaron nan ya yi magana, shi da kansa zai shiga nema. In ba haka ba, zai tafi da ɗiyarsa, kuma a yi abin da addini ya ce. Na ce na yarda. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, don na san abin da zan gani. Zai ce, Inna, kwana kaza ban gan ki ba. Ni ma ina ƙirgawa a jikin bango da gawayi, in ga ko lissafinmu zai zo ɗaya.

Mansura ce ke damuna. Ta daina sa kwalli, ta daina lalle. Turaren da ya sawo mata a Funtuwa ta kulle shi a akwati. Zane ɗaya mai duhu take wankewa ta mayar. An yi suna a maƙwabta, ta ce kanta ke ciwo. Na ce mata, “Ke Mansura, in ya yi sallama gobe haka zai tarar da ke, kamar mai jinya?” Ta ce, “To Inna,” ta ci gaba da tankaɗe. Yarinyar nan ba ta taɓa yi mani musu ba, amma ba ta sa kwallin ba.

Bari in gaya maki abin da ban gaya wa kowa ba. Darasi na tara na iya shi tun cikin azumi. Kwanakin mako ne da watanni, wa bai san su ba? Amma kullum in na zo tambayar ƙarshe, da gangan nake kuskurewa. A ce wace rana ce bayan Laraba, in rubuta Asabar, don ya ce, “A'a Hajiya, a sake dai.” Darasi goma ya ce mani ya yi. In na shiga na goma na gama, me zai sake ce mani?

Kin ce akwai bayani. Kada ki jira hanya, hanyar nan ba ta da ranar gyaruwa. Ki rubuto shi, zan karanta ko zai ɗauke ni mako guda.

Gwaggonki,
Barakatu.

*

Ƙanƙara,
Ranar Lahadi, kwana uku da maido sabis.

Ummu,

Ina gaisuwa. Jiki lafiya. Wata biyu ke nan ban ga takardarki ba. Malam Ɗanliti ya rantse ya ba ki tawa hannu da hannu. Jiya da shekaranjiya na kira lambarki, tana shiga ba a ɗauka. In laifi na yi maki ki faɗa.

Ran Alhamis aka maido sabis. Da hantsi ne, sai muka ji wayoyi sun fara ƙara gida gida. Gari ya ruɗe, wasu na guɗa, wasu na salati, don akwai waɗanda sai ranar suka ji rasuwar da aka yi masu tun wata uku. Na kai waya wurin mai caji, na tsaya a kansa har ta cika rabi. Na dawo na duba bangona, kwana casa'in da ɗaya. Na shimfiɗa tabarma, na ce Mansura ta zo ta zauna kusa da ni ta ga da idonta. Ta zo da Asma'u a cinya.

Na yi bisimilla na taɓa. Ya daɗe yana juyawa. Sai ya buɗe fari fat, da layi ɗaya: “Wa ke nan? Rubuta sunanka a nan.”

Sunanka, Ummu. Ko mace ce ni bai sani ba.

Na rufe na sake buɗewa. Sau bakwai. Na ce ko hannuna ne, na ba Mansura ta taɓa, haka dai. Na ɗauki mayafi na tafi bakin tasha wurin masu gyara. Mai gyaran ya duba ya ce, “Mama, wayarki lafiya lau take. Suna kawai za ki sa ki shiga.” Na karɓi abata na dawo. Ban rubuta komai ba. Yaya zan gaya wa ɗan da na haifa sunana?

Abu biyu nake ta juyawa a raina, kuma kowanne ya fi ɗan'uwansa zafi. Ko dai ya yi ta leƙowa, kwana goma, kwana talatin, kwana sittin, bai gan ni ba, ya ɗauka na mutu ko na haƙura da shi, ya share ni. Ko kuma yana da rai har ranar da aka ɗauke sabis, cikin watannin nan ne suka kashe shi, yana jiran in ce uffan. Mutane suna ta hawa mota su tafi inda ake da sabis don kira ɗaya tak su dawo. Na gan su suna tafiya. Ni na zauna ina lallaɓa ƙafa. Da na bi Malam Ɗanliti ko sau ɗaya zuwa wurinki, da ya gan ni.

Ban iya cin tuwo. Mansura ke dama mani kunu ta tsaya har in sha. Ba ta ce mani komai ba a kan abin da ta gani. Da ta ce, Inna kin gani ko, da ya fi mani sauƙi.

Alhaji Gide ya yi waya, ya ce Juma'a ta sama zai zo. Bai tambayi abin da na gani ba, ina jin an gaya mashi.

Ke kika san cikin abin nan. Ina roƙon ki don darajar iyayenki ki gaya mani gaskiya. Shi ya share ni? Yaushe? Kada ki ji tausayina, na gaji da shi.

Barakatu.

*

Zariya,
16 ga Disamba.

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki tun kafin in fara. Na ga kiranki duka biyun. Wayar na hannuna, na kasa ɗauka. Takarda uku na rubuta maki tun Nuwamba na yayyaga. Wannan ba zan yaga ba. Na zaɓi in rubuta ne don ki karanta a hankali, ki koma inda kike so.

Ba ki yi laifin komai ba, kuma Yaya Mas'udu bai share ki ba. Ga yadda abin yake.

Shafin intanet ba ya tuna kowa. Duk wanda ya taɓa shi, baƙo yake gani, ko da yanzu ya fita ya dawo. To a harshen kwamfuta da muke rubuta shafi da shi, sunansa PHP, akwai dabarar da muke kira seshan. Kin san katin asibiti. Ke kina riƙe da ƙaramin kati mai lamba, su kuma babban fayil na wurinsu. In kin miƙa kati a ɗauko fayil, a kira sunanki, a san inda aka tsaya da ke. Ranar da Yaya ya fara rubuta Inna a wayarki, shafin ya ba wayar 'yar lamba ta ajiye, shi kuma ya buɗe maki fayil a babbar kwamfuta. Abu uku kawai ke cikin fayil ɗin: suna, darasin da aka tsaya, da ranar da aka zo ta ƙarshe.

Maganganun da kike gani duk nasa ne, ba wanda ya ƙara ko harafi. Amma tun watan Sha'aban ya rubuta su, ya bar gurbi a ciki. Ya rubuta, “Inna, kwana ... ban gan ki ba.” Kwamfuta ce ta duba ranar da kika zo ta ƙarshe da ranar da kika dawo, ta sa biyar a gurbin.

Na duba rajistar da ke nuna duk wanda ya shiga. Rana ta ƙarshe da hannun Yaya ya taɓa shafin nan ita ce uku ga azumi, da hantsi. Daga ranar har aka ɗauke sabis, wayarki ce kaɗai. Ba wata waya daga daji, Gwaggo. Ko sau ɗaya. Ni ban san abin da ya faru a can ba, Allah ne masani, amma shafin nan bai ƙaryata Malam Sha'ibu ba. Na san haka tun takardarki ta farko. Na ji tsoro, na rubuta maki abin da ba ƙarya ba ne, ba kuma gaskiya duka ba, har kika tsaya da shi gaban Alhaji Gide. Wannan nauyin a kaina yake.

Sai maganar mantuwa. Irin wannan fayil ba a barinsa ya daɗe. Yadda abin yake zuwa, in mutum ya yi minti ashirin da huɗu bai motsa ba, ana iya share shi. Yaya ya canza wannan. A saman layin da ya canza ya bar ɗan rubutu irin wanda muke bar wa juna, wanda kwamfuta ba ta karantawa. Na kwafo maki shi yadda yake:

“Inna ba ta sauri, kuma takan tashi ta duba tukunya. Minti ashirin da huɗu ko layi biyu ba ta gama ba. A ba ta kwana arba'in. Ba za ta taɓa yin arba'in ba ta leƙo ni ba.”

Duk ranar da kika shiga, arba'in ɗin sabo yake komawa. Bai san za a ɗauke sabis wata uku ba. Kwanakin sun cika wajen ashirin ga Oktoba, kwamfuta ta share fayil ɗin ita kaɗai, ba da hannun kowa ba. Da na duba layin nan lokacin da na rubuta maki, da na ƙara kwanakin. Ban duba ba sai da takardarki ta biyu ta zo, na tarar ya riga ya tafi. Shi ya rufe mani baki.

Ina iya gyara shi ya san ki har abada, ya mayar da ke darasi na tara, ya ce sannu Inna kamar ba abin da ya faru. Aikin minti biyar ne. Na zauna zan yi ran Alhamis ɗin da aka maido maku sabis, don in huta da rubuta maki wannan, hannuna ya ƙi. In kin ce in yi zan yi, amma ki san ni ce na yi, ba shi ba.

Na ga darasi na goma. Ba zan faɗa maki ba, naki ne.

Ki yafe mani.
Ummu Salma.

*

Ƙanƙara,
Ranar Asabar, tsakiyar Janairu.

Ɗiyata Ummu Salma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mai gidanki da yara. Ƙafa da sauƙi. Na fara cin tuwo.

Kwana biyu na yi ina karanta takardarki, kwana biyu kuma ina fushi da ke. Ya wuce. Na yafe maki duniya da lahira, ke ma ki yafe mani, don na ɗora maki abin da ya fi ƙarfin ɗiya. Maganar katin asibiti na gane ta sarai. Inda yaron nan ya ce ina tashi in duba tukunya, har dariya na yi, don gaskiya ne, sau nawa yana koya mani ina barinsa da waya a hannu.

Da na gama na kira Mansura ɗaki. Na ce, “Mansura, ki yi haƙuri, na tsare ki. Ki fara takabarki.” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, na gama.” Na ce, “Kin gama me?” Ta ce, “Tun ranar da Malam Sha'ibu ya zo na fara. Na fita kafin a maido sabis. Ban so ki sani ba.”

Ummu, wata huɗu da kwana goma yarinyar nan ta yi a gabana, ita kaɗai, ba wanda ya ce mata ya haƙuri, ni kuma ina yi mata faɗan kwalli. Na riƙe ta muka yi kukan da ya kamata mu yi tun layya.

Ran Juma'a Alhaji Gide ya zo. Ban bari ya buɗe baki ba, na ce a gaya wa liman. An yi salla, an yi addu'a, mutanen 'Yargoje da ke cikin gari duk sun zo. Na aika aka kira Malam Sha'ibu daga Daudawa, na roƙe shi gafara a gaban mutane, don na ce bai san abin da ya gani ba. Ya ce ba komai. Ya ce ya fuskantar da yaron nan gabas, ya kuma dasa dutse a wurin.

Mansura ta tafi Sabuwa da Asma'u makon jiya. Ta ce za ta riƙa kawo mani ita in hanya ta yi kyau. Turaren ta bar mani, ban san abin da zan yi da shi ba. Gidan ya yi faɗi.

Washegarin tafiyarsu na share tsakar gida, na goge gawayin bango, na zauna na taɓa alamar. Ya ce wa ke nan. Na rubuta Inna. Ya ce, “Sannu Inna. Mu fara darasi na ɗaya.” Na san yanzu ba ya ganina. Amma bakinsa ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kwana huɗu, har na tara. Da aka ce wace rana ce bayan Laraba, na daɗe ina kallo. Na rubuta Alhamis.

Kin san abin da ke cikin na goma, amma bari in rubuta, don ina so in gan shi a takarda. Ya ce: “Saura ɗaya, Hajiya. Rubuta sunan ɗanki na fari. Na san ba za ki faɗa ba, ai ni ma ban ce ki faɗa ba. Ba mai ji.”

Ɗan banza. Shekara ashirin da tara yana neman hanyar da zai kama ni.

Na duba ƙofa, ba kowa. Na rubuta da yatsa ɗaya, harafi harafi, ban kuskure ko ɗaya ba. Na taɓa.

Ya ce, “Na'am, Inna.”

Kada ki gyara komai, Ummu. Kada ki ƙara kwana ko ɗaya. Ki bar shi yadda ya bar shi. Ya ce ba zan taɓa yin arba'in ban leƙo shi ba, to in dai da rai da sabis, ba zan sake ba.

In hanya ta yi sauƙi ki zo. Akwai daddawa na ajiye maki.

Ni ce gwaggonki,
Barakatu, innar Mas'udu.